Ambulan Mai Rubutun Ajami

Akwai wata famasis, wato masaniyar haɗa magunguna, mai suna Murja. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zurmi, shekaru kaɗan bayan an yanke Zamfara daga Sakkwato, daidai lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a.

Murja tana da wata ɗabi'a. In ta zuba ƙwaya a ambulan, sai ta juya bayansa ta rubuta da ajami: ɗaya bayan Asuba, ɗaya bayan Azahar, ɗaya bayan Isha'i. Mutanenta manoma ne da makiyaya. Ba su yi boko ba, amma ajami ba ya ba su wahala.

To, da aka tsara matakan albashi, sai wani ma'aikacin ofis, wanda na tabbata bai taɓa leƙa ɗakin magani ba, ya jefa su Murja mataki ɗaya da masu kula da sito. Ku ji fa! Mutum ya yi shekaru a jami'a yana haddar magunguna, a ce da shi da mai riƙe mukullin ɗakin kaya duk ɗaya ne. Kuma wanda ke wannan mataki ba a tura shi kwas na ƙwarewa. Nan ka shiga, nan za ka yi ritaya.

Ƙungiyarsu ta kai kuka. Aka ce kwamiti zai saurare su a Kauran Namoda, zama ɗaya tak. In sun kasa, an rufe maganar.

Shugaban ƙungiyar, Safwan, yana aiki a Shinkafi. Ya san aiki, ba zan zalunce shi ba. Amma akwai jin kai, kuma in bai yi Turanci ba gani yake bai yi magana ba. Ranar zaman kwamitin, tun a bakin ƙofa ya tare Murja.

"Malama, ke dai ki zamna ki cika kujera. Don Allah kada ki hiddo muna wanga rubutun allo naki gaban manya. Da ma raina mu akai, ki ƙara muna."

Zuciyar Murja ta tafasa, amma ta haɗiye.

"To, Shugaba," ta ce. "Allah shi ba da sa'a."

Safwan ya miƙe ya yi rabin awa yana zuba Turanci. Ya lissafa digiri, ya lissafa darussan da suka karanta. Shugaban kwamitin, wani dattijon ma'aikaci, Alhaji Abbati, ya cire gilashinsa ya goge.

"Mun ji Turanci, madalla. Tambayata guda ce. Likita ya rubuta, kun ƙirga, kun miƙa. Mai sito ma ƙirgawa yakai shi miƙa. Ina bambancin?"

Safwan ya buɗe baki, ya sake komawa kan digiri. Alhaji Abbati ya fara rufe fayil.

Murja ta ga hannun dattijon a kan fayil ɗin. Ta san in ya rufu, ya rufu da su duka. Ta miƙe. Safwan ya harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ranka shi daɗe, a ba ni minti biyu."

Ta ajiye wa dattijon takardar likita da wani tsohon ambulan. "Karanta wagga."

Ya duba takardar. "Wannan ai sai ku. Kamar kaza ta bi ta kai."

Aka yi dariya. Ya juya ambulan, sai ga shi yana karantawa da ƙarfi ba gargada: "Ɗaya da sahur, ɗaya bayan buɗa-baki. Kada a haɗa."

"Na wani makiyayi ne, Bawa, daga Birnin Tsaba," in ji Murja. "Hawan jini gare shi. An rubuta mai sau uku a rana, ga azumi ya kama. Shi kuma ba ya karya azumi, ba ya son saɓa wa likita. Sai ya haɗa ukun ya haɗiye da sahur. Tsakiyar shanu anka ɗauko shi a sume. Da ya farfaɗo na koma ga likita, munka canza mai wani magani da ka tafiya da azumi, na rubuta mai da rubutun da ya iya. Ya kammala azuminai lafiya. Shi da kanshi ya maido min ambulan ɗin bayan Salla."

Ta dubi Alhaji Abbati, ta ci gaba.

"Mai sito aikinai na da daraja, ranka shi daɗe. Amma in kaya sun fita hannunai, ya gama. Mu ba mu gamawa sai ƙwaya ta shiga cikin mutum yadda ba ta kashe shi."

Alhaji Abbati ya gyara zama. Ya sake buɗe fayil, ya sa ambulan ɗin a saman takardun ƙungiyar, ya danne da hannu.

"Wanga za ya tai Gusau tare da rahotona."

Bayan wata huɗu takarda ta fito. An ɗaga matakinsu gaba ɗaya, an kuma ba su gurbin kwas guda. Safwan ne ke da hurumin rubuta suna, kowa ya ɗauka nasa zai sa. Sai ya tuƙo mota tun daga Shinkafi har asibitin su Murja, ya miƙa mata fom da sunanta a kai.

Sannan ya ɗauki wani ambulan a kan tebur, ya juya bayansa, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, ni ma na yi allo. Da gangan na aje shi. Tuna min yadda a ka rubuta Azahar."

Darasi: Kada ka ji kunyar ilimin da mutanenka ke fahimta. Takardar shaida tana nuna ka yi karatu, amma rayukan da ka tsare da hannunka su ke nuna darajar aikinka. In kana da ɗan'uwa ma'aikacin asibiti, tura masa wannan, ya san muna alfahari da su.