Ɗayyabu Mai Rewaya da Maɓallin Ƙarya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, domin idan na ambata za ku ce halin mutanen can ne, ku koma gida hankalinku kwance. Garin a kan tudu yake. Duk titin da ka bi, ko dai kana hawa ko kana gangara. Sunan mutumin Ɗayyabu, sana'arsa gyaran wayoyin mota, abin da ake kira rewaya. Rumfarsa ce ta ƙarshe a garejin garin, jikin katanga, inda ruwa ke kwanciya da damina. Shekara goma sha tara yana cikinta, kuma daga cikinta iyalinsa suke ci. Ba malami ba ne, idan ana hira ba a jin muryarsa. Abin da aka san shi da shi kawai, idan ya haɗa waya ba ta kwancewa.

Ku saurara, domin sai kun fahimci ƙarfen kafin ku fahimci mutumin.

Motocin zamani da yawa ba su da sandar birkin hannu da muka saba ja. Wani ɗan maɓalli ne kusa da giya: ka ɗaga shi da yatsa, ka ji ƙara daga baya, tayoyi sun kame. Wasu motocin an ƙara musu maɓalli na biyu, wanda makanikai ke kira oto-hol. Idan yana kunne, duk inda ka taka birki ka tsaya, wata koriyar fitila za ta kama, motar ta riƙe kanta, ka ɗage ƙafa ka huta har sai ka taka totur.

To akwai wani dillalin hatsi, Alhaji Mamuda, wanda motarsa ke da na farkon, ba ta da na biyun. A gurbin na biyun baƙar roba ce kawai a toshe. Bai taɓa lura da ita ba sai ranar da ya shiga motar wani abokinsa, iri ɗaya da tasa, ya ga direba ya tsaya a cunkoso ya naɗe ƙafafu kamar mai zaman tabarma. Abokin ya yi dariya ya ce, “Taka ba ta yi ko? Ashe ƙaramar suka sayar maka.” Daga wannan rana robar nan ta hana Alhaji sakat.

Ya zo gareji tare da direbansa, Baba Isyaku, dattijo mai ciwon gwiwa wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙa shi. Aka nuna musu rumfar Ɗayyabu, Alhaji ya ce a sa masa maɓallin nan na biyu. Ɗayyabu ya jona na'urar gwaji, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙe ya goge hannunsa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, maɓallin ba shi ke riƙe mota ba. Famfon birki ne da ƙwaƙwalwarsa, kuma na wannan motar ba a yi shi da wannan aikin ba. Ko dai a yi odar famfon da ya dace, a jira ya zo, a kai wa mai kwamfuta ya saita shi. Ko kuma Baba ya riƙa ɗaga birkin hannu idan an tsaya. Lafiyarsa ƙalau, na gwada. Da yatsa ɗaya ne, gwiwa ta huta, kuma da ya taka totur zai saki da kansa.”

Alhaji ya ce, “Kai Malam, karatun jan birki na zo ɗauka? Jibi ina da ɗaurin aure, kuma da fitilar nan zan je. An ce mini akwai dabara.”

“Akwai, ranka ya daɗe. A samo maɓalli a kayan gwanjo, a ɗaura wani ɗan akwati da zai riƙa ja maka birkin hannun, fitilar kuma a jona ta da takun ƙafa. Matsalar ita ce fitilar ba ta san abin da tayoyi ke ciki ba. Ko sun kame za ta kama, ko ba su kame ba za ta kama. Ni ba na yi.”

“Ba ka iya ba dai.”

“Na iya. Ba na yi.”

Muryar Alhaji ta kai rumfar shugaban garejin, Ciyaman Hashimu. Ya taho yana murmushi, ya ce, “Alhajin Allah, wa ya kawo ka wurin liman? Wannan ai kafin ya canza maka fis sai ya yi istihara. Kawo ta nan, kafin la'asar ka gani da idonka.” 'Yan gareji suka kwashe da dariya. Kafin la'asar kuwa aka gama. Aka gwada a filin gareji, fitila ta kama, mota ta tsaya. Ana shirin fita, Ɗayyabu ya matsa kusa da taga ya ce a hankali, “Baba, don Allah ko ta kama, ka ɗaga na hannun.”

Baba Isyaku ya riƙa ɗagawa, kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku Alhaji ya daka masa tsawa daga baya: “Na sa an yi mini aikin zamani, kai kana nan da hannun ƙauye? Sauke yatsanka!” Ya sauke. Mako ya wuce, wata ya wuce, abin yana aiki, gwiwarsa tana hutawa. Ku gaya mini, wanene a cikinmu ba zai saki jiki ba?

Ranar kasuwa ce, da hantsi, a gangaren bakin kasuwar. Cunkoso ya tsayar da su. Baba Isyaku ya taka birki, koriyar fitila ta kama, ya ɗage ƙafa, ya juya yana miƙa wa Alhaji gorar ruwa. Wata waya a cikin akwatin nan ta riga ta saki saboda zafi da girgiza. Motar ta gangara. Kafin ƙafar dattijo ta koma kan birki, ta haye gefen titi ta danne wata mata mai suna Lantana, tana tuyar awara. Ƙafarta ta karye, tafasasshen mai ya kwaranye mata a cinya.

Aka kai ta asibiti, aka kai magana gaban mai unguwa. Alhaji ya ce direbansa ya tsufa, gyangyaɗi ya yi. Aka kira Ciyaman Hashimu, ya shiga motar a gaban jama'a, ya taka birki, fitila ta kama. Ya ce, “Kun gani? Aikina lafiya lau.” Mai unguwa ya ce gobe za a sake zama, idan ba a samu wata hujja ba za a miƙa direba ga hukuma. Abin da ya fi ƙona mini rai a labarin nan, jama'a, shi ne Baba Isyaku da kansa ya fara shakkar kansa. Yana zaune a ƙasa yana cewa, “Wataƙila na yi gyangyaɗin ban sani ba.” An yi wa mutum ƙarya har ta shiga tsakaninsa da abin da idonsa ya gani.

Yanzu ku saurara da kyau. Garejin nan yana da doka: ma'aikaci ba ya buɗe aikin ɗan'uwansa a gaban mai mota, kuma ba ya ba da shaida a kansa a ko'ina. Wanda ya karya, an karɓe rumfarsa. Asalin dokar ba mugu ba ne. An kafa ta ne don kada wani ya riƙa kushe aikin wani yana janye masa masu kawo gyara. Amma a wannan rana mutum arba'in da wani abu ne a garejin, kowannensu ya san yadda ake jona wannan fitila, kuma kowannensu ya sunkuyar da kai cikin injin da ke gabansa.

Da yamma Ciyaman ya leƙo rumfar Ɗayyabu. Wannan karon babu murmushi. Ya ce, “Liman, ka san doka ko?”

“Na sani, Ciyaman.”

“Ba kai ka yi aikin ba, ba kai ka tuƙa ba, ba wanda ya kira ka. Kana da 'ya'ya.”

“Ina da su. Shi ma Baba yana da su.”

“To ka dai ji.”

Kada ku ɗauka bai ji tsoro ba. An ce ya daɗe zaune a kan bencinsa yana kallon rumfar, kwanon da ya rufa da hannunsa, ƙusoshin da yake rataye wayoyi. Mutum ne da bai iya komai ba sai wannan sana'a, a garin da babu wani gareji sai wannan. Washegari ya sa sukundireba a aljihu ya tafi ƙofar mai unguwa.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ban iya magana ba. A ba ni izini in nuna abu ɗaya.” Aka ba shi. Ya sa aka tare tayoyin da duwatsu. Ya kwance murfin da ke kusa da giya, ya zaro ɗan akwatin gaba ɗaya, ya ɗaga shi sama. Ya ce, “Wannan ne kaɗai abin da ke jan birkin. Ga shi a hannuna, ba ya jikin motar. Yanzu wani ya taka birki.” Mai unguwa da kansa ya tattare riga ya shiga ya taka. Koriyar fitila ta kama.

Ɗayyabu ya ce, “Abin da Baba ya gani ke nan. Bai yi gyangyaɗi ba.” Baba Isyaku ya rufe fuska da hularsa ya fashe da kuka.

Aka wanke direba. Aka ɗora jinyar Lantana a kan Alhaji da Ciyaman. Na san kuna jira in ce sai aka ɗauki Ɗayyabu a kafaɗa, ko wani attajiri ya gina masa shago. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan ƙawata muku ba. Kwana biyu bayan haka 'yan gareji suka yi taro. Babu ko mutum ɗaya da ya ce ƙarya ya yi. Wani dattijo mai gyaran giya ma cewa ya yi, “Gaskiya ka faɗa, Ɗayyabu, amma doka doka ce.” Aka ɗaga hannu, aka ƙirga, aka fitar da kayan aikinsa bayan katanga. Ya ɗaure su a buhu biyu, ya yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, har da Ciyaman. Ya koma ƙofar gidansa yana gyaran fanka da dutsen guga, abin da ya samu wata rana ya isa tuwo, wata rana bai isa ba. Ba a taɓa jin ya zagi kowa ba.

Ya ku 'yan'uwa, Alhaji mai girman kai ne, Ciyaman maha'inci ne, kuma su biyu ne kawai. Fushina yana kan arba'in ɗin nan. Mutane ne masu salla, masu azumi, waɗanda ba za su ɗauki ko ƙusar wani ba, amma suka zuba ido za a ɗaure dattijo a kan laifin da suka san ba nasa ba ne, sannan suka ɗaga hannu suka kori wanda ya hana. Kuma wannan doka ba a gareji kaɗai take ba. Tana asibitin da ma'aikaciya ta ga an yi kuskuren allura ta yi shiru don abokiyar aikinta. Tana wurin ginin da birkila ya ga an rage rodi ya ce ba ruwansa. Tana ofisoshinmu, mu da muka yi karatu muka iya sa mata suna mai daɗi, muna cewa rufin asirin abokin aiki.

Darasin a fili yake. Rufin asiri ibada ne idan aibin mutum a kansa ya tsaya. Idan kuwa shirunka zai sa a hukunta marar laifi, ko ya bar wani cikin haɗari, to ya zama tarayya a zalunci, kuma Allah zai tambaye ka shaidar da ka ɓoye kamar yadda zai tambayi wanda ya yi ƙaryar. A ranar ba za a kira ƙungiyarku ta amsa a madadinka ba, sunanka za a kira kai kaɗai. Kowa a cikinmu ya san wani abu a wurin aikinsa da ya yi shiru a kai, kuma ya san wanda shirun ke cutarwa. Idan gari ya waye, ka je ka faɗa, ko da abincinka zai ragu. Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka, ya yafe mana shirun da muka riga muka yi.