Kawu na cewa dama, Tsawa na buga hagu

Akwai wani ɗan wasan tanis da ake kira Tsawa, saboda ƙarfin bugunsa. Gwani ne, amma ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Kawunsa ne kocinsa, shi ya fara ɗora masa raket, wato abin buga ƙwallon, a hannu tun yana ƙarami.

A wata babbar gasa ta maza, Tsawa ya kai wasan ƙarshe, abin da bai taɓa samu ba. Zai kara da wani da ake ce wa Bahago.

Da safen ranar ya hango kawu a bakin ɗakin canza kaya, suna ƙus-ƙus da kocin Bahago har da tafawa. Nan take ya nufe shi.

"Kawu, me kuke ƙullawa?"

"Filin atisaye ɗaya ya rage, shi ya sa muke raba lokaci. Kai dai je ka ɗumama jiki."

Tsawa ya ce to, amma a ransa ya riga ya yanke hukunci: an sayar da shi.

Aka fara wasa. Kawu na zaune a gefe yana ɗaga murya: "Sauke masa gajeriya kusa da raga! Sa shi gudu!"

Tsawa ya ce a ransa, wato so ake in miƙa masa ƙwallo a baki. Sai ya dinga zabga dogaye da ƙarfi, daidai inda Bahago ke tsaye. Shi kuwa ko taku uku ba ya yi, mayarwa kawai yake. Kawu ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, gogan ko waiwaye.

Haka kofin ya suɓuce.

Da suka zo gaisawa a raga, Bahago ya dafa kafaɗarsa yana ɗingishi.

"Ɗan'uwa, tun tsakiyar wasa ƙafata ta riƙe. Duk sanda tsohon nan ya ce ka sauke gajeriya sai gabana ya faɗi. Da ka yi sau biyu, da na ajiye raket. Me ya hana ka?"

Tsawa ya juya. Kawu na nan zaune ya rafka tagumi, ya kasa ɗago ido ya dube shi.

Darasi: Zato zunubi ne, kuma mai shi yake fara ci. Kafin ka zargi wanda ya raine ka, tuna shekarun da ya yi yana tsaye a bayanka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na gab da yin irin wannan asara.