Kurege da Baƙuwar Inna Ɓauna

Ku matso kusa, ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Tun da kun ce ta zo, to ta iso.

A wata shekara da damina ta yi jinkiri, Kurege ya shiga uku. Gyaɗar da ya binne da kaka duk ya manta inda ya binne ta, kamar yadda ya saba. Ya tona nan, ya tona can, sai tsakuwa. Cikinsa ya lafe, wutsiyarsa ta yamutse. Bakinsa ne kaɗai bai rame ba.

A gefen dajin akwai Inna Ɓauna, babbar manomiya, mai rumbu cike da gyaɗa. Tana da maƙwabciya, Kura, wadda ba ta tashi zuwa gaisuwa sai an sauke tukunya. Inna Ɓauna tana da 'yar fari da ke aure a birni mai nisa, ga ta da tsohon ciki. Wata rana surukin ya aiko direba da kwalaye da saƙo: kwamfuta ce, a haɗa ta da wutar solar gidan, ranar suna za a kira daga birni, Inna ta ga jikanta ido da ido.

"Yarinyar nan da fitina take," in ji Inna Ɓauna, don ba ta faɗin sunan 'yar fari. "Ni me zan yi da ganin jinjiri?"

Amma fa ta share ɗaki, ta shimfiɗa wa kwalayen sabuwar tabarma, ta zauna tana kallonsu. Kofatonta ya fi kowane maɓalli girma, kuma girman kanta ya fi kofaton.

Labari ya kai kunnen Kurege. Shi kuwa ya taɓa yin wata damina a cikin silin ɗin wani shagon kwamfuta a birni, yana leƙe ta huda. Abin da ya kwaso bai taka kara ya karya ba: kowace waya tana da ramin da ya dace da ita, in abu ya ƙi, a kashe a kunna, in wani zobe ya fara juyawa a gilashi, mai shago yakan tafi shan shayi. Da wannan ya karkaɗe wutsiya ya yi sallama.

"Ranki ya daɗe, na ji an yi miki baƙuwa daga birni."

Kura ta ce, "Kai kuma ɗan tsurut, me ka sani?"

Kurege ya daka tsalle ya hau kan kwali. "Ni ne Kurege, ƙaramin mabuɗi mai buɗe babbar ƙofa! Na sha wutar lantarki na yi gyatsa! Yaya Kura, matsa, kada ilimi ya fantsamar miki!"

Ya fito da akwatin ƙarfe, ya fito da gilashi, da allon haruffa, da linzami, ɗan abin nan da ake ja ana dannawa. Ya shige bayan akwatin yana gwada kowace waya a kowane rami, wadda ta shiga ya bar ta, wadda ta ƙi ya zage ta ya gwada gaba. Ya danna maɓalli. Fanka ta ce fuuu daga cikin akwati, gilashi ya kawo haske, sai ga zobe yana juyawa. Babbar manhajar kwamfutar ce ke shirya zamanta, aikin da ba ya bukatar komai sai haƙuri.

Inna Ɓauna ta yi ta jira. "Me take yi?"

Kurege ya kara kunne a jikin akwati, ya girgiza kai. "Inna, ba ki jin kukan cikinta? A garinku baƙo yana sauka ake tambayarsa labari, ba ruwa ba abinci?"

Inna Ɓauna ta ji kunya har ƙahonta. "Me take ci?"

"Gyaɗa. Sannan ke kin san baƙon kirki ba ya cin abinci masu gida na tsaye a kansa. A ajiye a fita. Ni zan zauna in riƙa ce mata bismilla."

Wannan kam babu mai musu, haka iyaye suka koyar. Aka kawo ƙwarya cike, aka ja ƙofa. Inna Ɓauna da Kura suna tsakar gida suna jin ƙas, ƙas, ƙas.

"Allah sarki," in ji Inna Ɓauna, "ashe yunwa ta kwaso."

Zobe ya gama juyinsa, gilashi ya kawo hoton wani koren tudu. Kurege ya buɗe ƙofa yana numfashi da kyar. "Ta ƙoshi. Ta ce a gaishe ki." Kafin ya tafi, ya bi ta bayan akwati ya ɗan sassauta wayar gilashi.

Da gari ya waye, Inna Ɓauna ta danna maɓalli da tsinin ƙaho yadda aka nuna mata. Fanka ta ce fuuu, gilashi kuwa baƙi ƙirin. Aka aika Kura da gudu.

"Kun ba ta karin kumallo?" in ji Kurege.

"A'a."

"To ke, Yaya Kura, in ba a ba ki ba, kina buɗe ido?"

Aka kawo ƙwarya, aka ja ƙofa. Kurege ya ci har ya jingina da bango, sannan ya miƙa ƙafa ya tura waya. Haske ya dawo.

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Kurege ya yi ƙiba, gashinsa ya fara sheƙi, rumbu kuwa ya fara amsa kuwwa. Kura ce ta fara ƙorafi, don tun zuwan baƙuwa rabonta ya ragu.

"Inna, ni fa ban taɓa ganin baƙon da ake ba shi abinci wani ya yi ƙiba ba."

Inna Ɓauna ta dubi kumatun Kurege, ta dubi akwatin da bai ƙara ko taku ba. Ta ce, "Malam Kurege, an gode. Za mu nemi na birni."

"Ba komai, ranki ya daɗe. Allah ya haɗa ku da wanda ya kai rabina." Ya fita, amma sai da ya bi ta bayan akwati.

Da gari ya waye, ga gilashi baƙi, ga kuma direba ya kawo albishir an sauka lafiya, namiji ne. Inna Ɓauna ta ce, "To, madalla," kamar an gaya mata farashin gishiri, ta shiga ɗaki ta yi ta danna maɓalli har ƙahonta ya yi zafi. Ana cikin haka aka yi sallama. Wani ɗan gajere ne, da riga har ƙasa, da hula ta rufe kunnuwa, da tabarau na gindin kwalba, ya shafe fuska da toka. Kurege ne, ya naɗe wutsiyarsa a ƙugu kamar ɗamara.

"Injiniya Ɗanbirni," ya faɗa ta hanci. "Wucewa nake na ji kukan na'ura. Ni ne ruwan da ke kashe gobarar da ƙananan ma'aikata suka kunna!"

Ya zagaya akwatin, ya tsaya, ya riƙe ƙugu. "Innalillahi! Hajiya, wane mugun ne ya yi miki wannan aikin?"

"Wani ne wai shi Kurege."

"Kurege! Ɓarawon nan mai wutsiya kamar tsintsiyar laushi? Ai sai ki gode wa Allah da kika same ni da rai. Me yake ba ta?"

"Gyaɗa."

"Da ɓawonta?"

Inna Ɓauna ta sunkuyar da kai.

"Ƙauyanci! Kin ga haƙori a jikinta? 'Yar birni ce, sai ɓararriya. Ɓawo ne ya tsaya mata a wuya."

Kura ta ce, "Na faɗa! Tun ranar farko ban yarda da shi ba."

Sai ga Inna Ɓauna da Kura a tsakar gida, babba da babba, suna ɓarar gyaɗa har yatsun Kura suka yi kanta. Amma Kura ta ɗan yi wayo: ta ce daga yau ita ce mai tsaron ƙofa, duk mai fita sai ta lalube shi.

To, ga gyaɗa ɓararriya ta fi ƙarfin ciki ɗaya, ga ba halin fita da ita. Da wani ne sai ya ci ya bar saura. Amma Kurege ko a kasuwa aka ba shi ƙwaya sai ya nemi inda zai binne ta. Ya tona ƙasan ɗaki, siminti. Ya dubi akwatin, ya kwance ƙusoshin gefensa da haƙori, ya leƙa. Fili fetal, ga duhu, ga ɗumi.

"Rumbu mai fanka!" in ji shi. "Bayan suna sai in ce a kai ta asibiti a birni, in sa Kura da kanta ta ɗauko mini ita har bakin hanya."

Kullum yana ɗurawa, yana mayar da murfi a kan ƙusa ɗaya. Kukan fanka ya tashi daga fuuu ya koma gurr, daga gurr ya koma shiru.

"Me ya sa ta daina magana?" in ji Inna Ɓauna.

"Ta saba da gidan ne, Hajiya. Ta saki jiki."

Da gari ya waye ranar suna, tun da sassafe aka kunna kwamfuta don kada a makara. Maƙwabta suka cika ɗaki, har Raƙumin Dawa ya zuro wuya ta taga. Aka yi ta jira, rana ta ɗaga, ɗaki ya ɗau zafi. Can sai ƙarar kira daga birni, Injiniya ya ja linzami ya danna, sai ga fuskar mai jego a gilashi.

"Inna! Kina ganina?"

"Ina ganinki mana, ba sai kin yi ihu ba," in ji Inna Ɓauna.

"Bari in buɗe miki fuskarsa."

Ta kai hannu ga zanen da aka lulluɓe jinjiri. Ɗif! Gilashi ya mutu.

Inna Ɓauna ta juyo a hankali.

"Ƙaramin aiki!" in ji Injiniya. Ya shige baya ya tura wayar gilashi. A ɗaure take gam, don yau bai sassauta ta ba. Ya kashe, ya kunna. Haske ya leƙo ya koma. Ya sake. Ya taɓa jikin akwati, ya janye hannu yana yarfewa. Ilimin silin ya ƙare ƙaf, ko zoben da za a tafi shan shayi babu.

Kura ta ɗaga hanci. Ta shaƙa hagu, ta shaƙa dama. "Wa ke suyar gyaɗa a gidan nan?"

"Gyatsa ta yi," in ji Injiniya. "Alamar lafiya ce. A fita a ba ta wuri, kunya take ji."

"Yau kam," in ji Inna Ɓauna, "babu mai fita."

Kura ta sunkuci akwatin, zafi ya gasa mata hannu, ta sake shi. Murfi ya yi tsalle. Shaaa! Gyaɗa ta malalo, mai zafi, mai ƙamshi, ta cika tabarma har ƙafar Inna Ɓauna. Injiniya ya ja da baya, ya taka gefen rigarsa, ɗamara ta warware, sai ga wutsiya ta tashi fal a bayansa.

"Tsintsiyar laushi!" in ji Kura.

"Ku tsaya in yi bayani. Ni da shi kama ce kawai, ta wajen uwa..."

Bai ƙarasa ba. Inna Ɓauna ta saka ƙaho a ƙarƙashinsa ta watsa shi. Ya bugi silin, ya bugi bango, Kura ta cafke wutsiya, ya fizge ya bar mata gashi cike da baki. Ya bi ta wuyan Raƙumin Dawa ya fice ta taga, hula gabas, tabarau yamma.

Inna Ɓauna ba ta bi shi ba. Ta durƙusa gaban akwatin, ta karkata shi ta zazzage sauran gyaɗar, ta hura cikinsa da wannan babban hancin nata har ya huce. Ta tayar da shi, ta danna maɓalli da tsinin ƙaho. Fanka ta yi tari, ta tofar da ƙwaya ɗaya, ta ce fuuu. Haske ya dawo, ƙara ta sake tashi. Inna ta tura linzami da gefen kofato yadda ta ga ana yi, ta danna.

Ga jinjiri, ya cika gilashi, yana hamma.

Inna Ɓauna ta daɗe tana kallo. Sannan ta share ido ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Mai kai kamar tulu? A mayar da shi, ban karɓa ba." Mata suka rangaɗa guɗa. Kura ba ta yi ba, bakinta cike yake da gyaɗa.

Sai murya daga kan tsamiyar ƙofar gida. Kurege ne, ido ɗaya a kumbure, wutsiya rabi a fige, kumatu a cike tam da abin da ya wawura a hanya.

"Kun gani ko? Ta tashi! Ni ne Kurege, mai gyara daga nesa! Inna, ladan aikin fa? Na mutum biyu ne, ni da Injiniya!"

Aka jefe shi da muciya. Ya kauce, ya dira, ya ɗingisa cikin daji. A gindin wata kuka ya tona rami ya binne gyaɗar kumatunsa, ya daddale ƙasa, ya yi wa wurin alama da kyau.

Da gari ya waye, ya manta inda take.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus. In da ƙarya a ciki, ku bi Kurege ku tambaye shi, in kun same shi yana can yana tono.