Turancin Ciyaman da Rijiyar Gangare

An yi wani Ciyaman, Alhaji Barau, wanda in magana ba ta da daɗi sai ya naɗe ta cikin manyan kalmomin Turanci, a yi ta tafa masa ba a san me ya ce ba.

Ranar da zai je Gangare, inda rijiyar burtsatse ta lalace, ya kira tafintansa Tanimu.

"Yau so nake kowa ya fahimce ni, kuma kowa ya tafa. In aka rasa ɗaya, a bakin aikinka."

"Ranka ya daɗe, me jawabin ya ƙunsa?"

"Bana babu gyara."

"An gama."

Ciyaman ya zuba Turanci, kowace kalma kamar buhun gero, har ya yi gumi. Tanimu ya karɓi lasifika.

"Jama'a, Ciyaman ya ce gobe za a gyara muku rijiya!"

Wuri ya kaure da tafi, mata na guɗa.

Ciyaman ya damƙo shi. "Kai! Yaushe na faɗi haka?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe, Turancin ne ya fi ƙarfina. Ga lasifika, ka faɗa musu da Hausa."

Ciyaman ya dubi lasifika, ya dubi taron, shi ma ya kama tafi.

Washegari Gangare ta sha ruwa.