Girgizar Mota da Kufan Rugar Sajo

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku. An yi wani mutum a Wurno, a zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin su tattara nasu ya nasu su tafi. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa na raye, kuma ba su suka aikata ba.

Direba ne. A lokacin nan motocin da ke bin hanyar Goronyo, Wurno, Rabah har zuwa Gandi da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su. Saboda haka direba ba ƙaramin mutum ba ne. In ya sauko, sai ka ga dattawa na miƙa masa hannu biyu. Shi wannan babbar motar kaya ta wani attajiri yake ja, Alhaji Abdulƙadiri. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne: shekara shida yana riƙe da motar, ko ƙwarzane bai taɓa yi mata ba. Ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa.

Sharaɗi guda Alhaji ya kafa masa, kada ya kuskura ya sauka daga kan hanya da motar.

Wata rana yana dawowa daga Goronyo sai ya ratse zuwa Shinaka, garin surukansa. Ba saƙo, ba kaya. So yake kawai su gan shi a bisa mota. Wajen ƙetare wani kwazazzabo sai dutse ya daki cikin motar, gau! Ya sauka ya leƙa. Bai ga mai na zuba ba, bai ga ruwa ba. Ya kakkaɓe gwiwa ya ce Allah ya rufa asiri.

Bayan kwana biyu motar ta fara girgiza. Girgizar kuwa mai lokaci ce. In ya taka totur, musamman a hawa da kaya, sai kujera ta ɗauki rawa, ƙofofi na kakkaɗawa, haƙoran mutum na haɗuwa. Da ya ɗaga ƙafa, sai ta yi lif kamar ba ita ba.

Ya san mafarin abin. Wallahi ya sani, don a ƙashin bayansa ya ji bugun dutsen nan.

Ran nan Alhaji da kansa ya shiga gaban mota za su Gandi. Mutumin namu ya yi ta lallaɓa totur, yana ɗaga ƙafa kafin rawar ta taso. Amma akwai wani hawa tsakanin Rabah da Gandi wanda ba a lallaɓa shi. Dole ya taka. Motar ta ɗauki karkarwa har hular Alhaji ta zame.

"Mi as sami motag ga?" in ji Alhaji.

Ya 'yan uwa, ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Me zai rasa in ya ce, na saɓa, na bi ta Shinaka, na hau dutse? Faɗa zai sha, wataƙila a raba shi da mota na wata guda. Amma shekara shidan nan ta tsaya masa a maƙogwaro.

A gindin hawan akwai rugar wani Bafillace, Sajo, gida wajen goma, da samari ƙarfafa da takarkarai. A makon nan shanunsa sun taɓa tare hanya, direba ya danna musu oda, wato ƙahon mota, Sajo ya ɗaga sanda yana magana da Fillanci. Da shanunsa yake, yana kora su gefe. Direban ya san haka. Amma da idonsa ya faɗa kan bukkokin, sai bakinsa ya ce:

"Alhaji, tun ran da Sajo yan nuna ta da sanda ba ta koma daidai ba. Ka lura, dab da ruga tai ta hi yi."

Kun ji yadda Shaiɗan ke ɗinki? Gaskiya ne a nan ta fi yi, amma don a nan hawa yake.

Alhaji ya yarda. Maganar ta shiga kasuwa, ta fito da ƙafafu. Aka ce Sajo na yi wa ƙarfe sammu, to ina ga mutum? Matan ƙauyukan kusa suka daina sayen nonon matarsa Asta. Aka hana shanunsa rijiya. Yara na jifan ƙwaryar matan rugar. Sajo ya rantse har ya gaji, ba mai saurare. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa da dukiyarsa ya yi gabas. Wurin da kakansa ya kafa turke ya zama kufai.

Direban ya wuce ya ga wurin wayam. Ya ce a ransa ai Fulani da ma masu tashi ne. Alhaji ya sa aka ɗaura laya a sitiyari, aka yi wa motar turare. Girgiza kuwa sai abin da ya ƙaru.

A Rabah akwai wani tsohon makanike, Baba Mode, wanda ya koyi aikin mota a soja lokacin yaƙin Bama. Direban ya tsaya wurinsa don a duba masa birki kawai. Amma Baba Mode tun daga nesa ya ji tafiyar motar, bai ji daɗinta ba. Bai tambayi laya ba, bai tambayi Sajo ba. Ya ce a tayar da inji tana tsaye, a taka. Aka taka, shiru. Ya shiga gaba ya ce a ja. Suka hau hanya. Ya ce taka, ta ɗauki rawa. Ya ce saki, ta yi lif. Ya dafa sitiyari, ya dafa kujera. Sau uku suna haka, sannan ya ce su koma.

"Ɗana," in ji shi, "in taya ta, ko ka taka ko ba ka taka ba sai ta yi, kuma ga sitiyari za ka ji ta. In inji na, da tana tsaye ma ta yi. Wagga sai an taka ta, kuma ƙarƙashin kujera take hitowa. Taho mu shiga."

Suka kwanta a ƙarƙashin motar. Baba Mode ya kama farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ya jijjiga ta. Ta yi ƙwal-ƙwal a hannunsa. Ya goge maiƙo a mahaɗarta ta gaba, wurin da makanikai ke kira kuros. Ga tsaga nan, ga kuma farin tabon dutse a jikin ƙarfe.

"Wanga aikin dutse na, ba aikin Sajo na ba. Ina kab bi da ita?"

Direban ya kau da kai. Baba Mode ya ci gaba:

"Tahi ka hwaɗa ma Alhaji da bakinka. A aje motag ga, a aiko da sabon kuros daga Sakkwato. In ya ida tsinkewa kana bisa gudu, ƙarhen ga ƙasa za shi caka, ya ɗaga ku. Na ba ka kwana ukku. In ba ka hwaɗi ba, ni za ni hwaɗi."

Ƙofa ta biyu ke nan. Amma yanzu kayan sun yi nauyi. Da can dutse kawai zai amsa. Yanzu sai ya amsa dutse, ya amsa ƙarya, ya amsa gida goma da ya tayar. Ya ce a ransa bari ya yi sawu ɗaya na kasuwar Gandi tukuna, ko dabara ta zo masa. Baba Mode kuwa har ya koma ga Allah yana cizon yatsa a kan kwana ukun nan da ya bayar.

Washegari aka lafta wa motar buhunan gero a Gandi, mata uku da wani dattijo suka hau saman kaya. A Gandi mahaifiyarsa take, Inna Uwaliya. Ta ce za ta bi shi Wurno ta ga jikanta da aka haifa. Ba ta taɓa shiga motar ɗanta ba. Ta ci ado, ta ɗaura sabon zane, ta zauna a gaba tana ta washe baki. Ya buɗe baki zai ce ta bari sai wani mako. Amma wane dalili zai ba ta? Ya ja ƙofa ya rufe.

Hantsi ya yi suka iso wurin hawan nan na kufan rugar Sajo. Daga wannan gefen gangare ake fara yi, sannan a haura. Ya saki motar ta gangara lafiya lau. Da ta fara haurawa ya taka totur. Ta yi rawar da ba ta taɓa yi ba, sai ƙas! Farfela ta faɗi ta caki ƙasa. Bayan motar ya tashi sama, ta juya ta kife a gefen hanya.

Na saman kaya suka zube, biyu da karaya. Shi ya fito da rarrafe, hannunsa na dama a murƙushe. Inna Uwaliya kuwa ƙofa ta ɓalle da ita, kan motar ya danne ta daga ƙugu zuwa ƙasa. Tana da rai, tana magana.

Ya sa kafaɗa ya tura. Dattijon ya kama, macen da ke iya tsayuwa ta kama. Motar ko gezau. Abin da ake bukata ƙarti goma ne da itatuwa da takarkarai biyu. Ƙauye mafi kusa kuwa tafiyar rabin yini ne zuwa da dawowa. Dattijon ya kama hanya yana ɗingishi.

Tsohuwar ta juya kai ta dubi tsamiyar da ke wurin, ta gane ta. Labarin tashin rugar bai kai gare ta ba. Shi ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Kai, nan ba rugas su Asta ta ba? Wurinta nike sayen mai. Kira su mana, mutanen kirki na."

Ya miƙe ya dubi kufan. Turakun shanu na nan a kafe, ga duwatsun murhu, ga ciyawa ta fara rufe su. Taku hamsin ne tsakani. Wallahi sai da ya ruga cikin kufan yana kururuwa, "Sajo! Sajo!" Ya san ba kowa. Ya dai yi ta kira.

Ta tambaye shi sau uku ko sun taho. Sau uku yana cewa suna tafe. Da mutanen ƙauye suka iso bayan la'asar, ta riga ta cika.

A gaban gawarta ya faɗi komai, dutsen da Shinaka da sandar Sajo. Bai sake riƙe sitiyari ba, hannun ya shanye. Ya yi shekaru yana bin kasuwannin shanu yana cigiyar Sajo don ya roƙi gafara. Bai same shi ba har ya mutu.

Ya 'yan uwa, motar nan ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Kullum aka taka ta sai ta faɗi ciwonta. Direbanta ne ya ƙi faɗin nasa. Laifinsa na farko ƙarami ne, son a gani. Da ya amsa shi, da kunyar yini ɗaya ta wanke shi. Sai ya rufe shi da ƙazafi, ya ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Ya zaci Sajo ya kora. Ashe masu ceton uwarsa ya kora da bakinsa.

To mu fa? Wa muka ɗora wa laifinmu don mu tsira da suna? Maƙwabci ne, ko mata, ko baƙon da ba shi da mai tsaya masa? Kowa ya san inda zuciyarsa ke rawa in an taɓa. Kada ka ɗaga ƙafa ka ce ta daina. Ka je ka faɗa yau, tun wanda ka zalunta yana inda za ka same shi. Hakkin Allah tuba ke wanke shi, amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe.

Allah ya ba mu ikon cewa ni na yi. Allah ya tsare harsunanmu daga ƙazafi, ya jiƙan Inna Uwaliya, ya saka wa Sajo da alheri a duk inda ƙasa ta rufe shi. Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu kira a rasa mai amsawa. Amin.