Ƙuri'a Ɗaya Da Lauya Ta Samu

A ajin ƙarshe na wata makarantar sakandare da ke bayan kasuwa, an yi wata yarinya da 'yan ajinsu suke kira Waige. Ba a banza ta samu wannan suna ba. Idan malami ya ce duk wanda ya yarda da amsa kaza ya ɗaga hannu, ita sai ta waiga dama, ta waiga hagu, ta leƙa baya, sannan hannunta ya bi inda hannuwa suka fi yawa. Abin haushin shi ne yarinyar tana da kai. Sau da yawa amsar da ta fara zuwa mata ita ce daidai, amma ba ta taɓa yarda cewa abin kirki zai iya fitowa daga kanta ba. Takardar jarrabawarta har ɓulewa take yi saboda goge-goge. Malamin lissafi ya sha ɗaga takardar a hasken taga, ya nuna mata amsar gaskiya tana leƙowa daga ƙarƙashin wadda ta kwafa.

Waige tana da aminiya guda, wadda ake kira Lauya saboda ba ta barin magana ta wuce ba ta tanka ba. Tun suna aji ɗaya suke zama a benci guda, can kusa da tagar da gilashinta ya fashe aka toshe da kwali. Littafin tarihi ɗaya suke dubawa, domin na Lauya ɓera ya cinye masa babi biyu. Idan an tashi, hanya ɗaya suke bi, su ratsa ta layin masu gyaran keke, su tsaya kallon kayan da ba su da kuɗin saye, su rabu a bakin famfon unguwa. Lauya a wurin kakarta take zaune, wata tsohuwa mai sayar da sabulu a ƙofar gida. Ita kaɗai ce a duniya take ce wa Waige ta riƙe amsarta ta farko, kuma ba ta gajiya da faɗa.

Shekarar nan shekarar babban zaɓe ce. Wanda ya yi makaranta a irin wannan lokaci ba zai manta ba. Katangar makaranta ta cika da fastoci, wani a kan wani, har ka ga hancin ɗan takara guda da gemun abokin hamayyarsa a fuska ɗaya. Ana cikin darasi mota mai lasifika za ta wuce da kiɗa, malami ya dakata da alli a hannu, 'yan bayan aji kuma su ci gaba da kaɗa kai har bayan motar ta yi nisa.

Mahaifin Waige tela ne. A shagonsa akwai rediyo rataye a ƙusa, da benci a ƙofa inda maƙwabta suke taruwa bayan la'asar. Shi dai ba ya sa baki, yana ɗinka wa kowace jam'iyya rigunanta, ya ce keken ɗinkinsa ba shi da katin jam'iyya. Waige tana zama daga ciki tana sa maɓallai tana saurare. Idan makaniki ya yi magana sai ta ga gaskiyarsa, idan mai aski ya mayar masa da martani sai ta ga ai shi ne mai gaskiya. Duk da haka tana da nata tunanin, wanda take rubutawa a bayan littafin aikin gida. Wata rana ta rubuta cewa duk masu neman ƙuri'a sun san hanyar unguwarsu yanzu, ko za su gane ta bayan an rantsar da su? Ta karanta, ta ji ya yi mata daɗi, sannan ta ce a ranta ita wace ce da za ta faɗi haka, ta ja layi ta soke.

Malamin tarihinsu wani dattijo ne dogo, mai zuwa a kan keke, aljihunsa kullum fari fat da garin alli. Shi ya shawo kan shugaban makaranta cewa tunda ƙasa za ta yi zaɓe, bana kada a naɗa shugaban ɗalibai, a bar 'yan ajin ƙarshe su zaɓa da kansu, a asirce, yadda manya suke yi. Aka sa ranar Laraba, kwana uku kafin zaɓen ƙasa.

Nan da nan mutum biyu suka fito. Akwai Gwamna, kyaftin ɗin ƙwallo, wanda ko gaisuwa ya yi sai an yi dariya. Akwai kuma 'Yar Gayu, mai farin jini a cikin 'yan mata, wadda ba a taɓa ganin takalminta da ƙura ba. A hanyar gida Waige ta ce wa ƙawarta duk cikinsu babu wanda ya damu da ɗakin karatu da yake kulle tun bara, ko famfon makaranta da ya daina kawo ruwa, ko yadda manyan ɗalibai suke aiken ƙanana kasuwa a lokacin darasi. Ta ce Lauya ce ta dace. Ranar kam ba ta waiga ko'ina ba kafin ta faɗa.

Lauya ta tsaya cak a bakin famfo ta dube ta. "Kin san ba kowa ke son bakina ba," in ji ta. "Amma in ke kika ce in tsaya, zan tsaya. Ko ba komai na san ina da mutum ɗaya."

"Kina da ni," Waige ta ce.

Makon da ya biyo baya yana cikin mafi daɗin kwanakin da Waige ta yi a makaranta. Ita ta rubuta wa Lauya jawabi, a kan teburin yankan yadi na babanta, kuma a karon farko ta rubuta shafi guda ba gogewa. Suka yanka kwalayen sabulun kaka suka yi fastoci, suka liƙa da ƙullun fulawa, akuyar mai gadi ta cinye guda biyu. Ranar da aka yi jawabai, Gwamna ya yi alkawarin ƙwallo sabuwa ya sa aji dariya, 'Yar Gayu ta yi alkawarin liyafar bankwana. Da Lauya ta tashi ta karanta nata, ajin ya yi tsit, malamin tarihi kuma ya cire tabarau ya goge. Bayan an tashi mutum huɗu ko biyar suka same su a ɓoye suka ce suna tare da su.

Sai dai kafin Laraba iska ta juya. Samarin ajin suka dunƙule a bayan Gwamna. 'Yan mata suka ga haka suka ce su ma dole su haɗa kai wuri ɗaya, in ba haka ba maza za su lashe. Wurin da suka zaɓa kuwa shi ne 'Yar Gayu.

Ranar zaɓe aka jera tebura, aka kawo kwalin da aka huda wa baki ya zama akwati, aka rataya tsohon labule a kusurwar aji domin kowa ya shiga shi kaɗai. Malam ya zo da tawada a murfin kwalba. Ɗalibai arba'in da shida suka yi layi a baranda, kowa yana jin kansa babba. Waige tana tsakiyar layi, ta bayanta ta raɗa mata cewa Lauya ba za ta kai labari ba, kada ta zubar da ƙuri'arta a banza. Ta gabanta ta juyo ta ce ai kowa ya san inda aka dosa, sai wanda yake son maza su yi musu dariya.

Da ta shiga bayan labule, babu kowa da za ta waiga ta gani, amma muryoyin nan sun biyo ta. Ta ɗora biro a kan sunan Lauya, sai ta dakata. Anya mutum ashirin za su yi kuskure, ita kaɗai ta yi daidai? Ta tuna da mutum huɗu ko biyar ɗin nan da suka yi alkawari. Ta ce a ranta Lauya za ta samu nasu, idan tata ba ta ciki wa zai sani, tunda abin a asirce ne. Ta matsar da biron ta yi alama a gaban sunan 'Yar Gayu, ta ninke takardar sau huɗu ta jefa. Da ta fito Lauya ta ɗaga mata babban yatsa mai tawada tana murmushi, ita ma ta ɗaga mata nata.

Malam ya zazzage kwalin a gaban kowa, yana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya yana kiran suna, monita yana ja a allo. Gwamna, 'Yar Gayu, Gwamna, Gwamna, 'Yar Gayu. Can wajen ta goma sha wani abu aka kira Lauya, monita ya ja layi guda. Waige ta ƙura wa allon ido tana addu'ar a sake kira. Takardu suna ta raguwa. Aka buɗe ta ƙarshe, ta Gwamna ce. Gwamna ashirin da huɗu, 'Yar Gayu ashirin da ɗaya, Lauya ɗaya.

Samari suka ɓarke da ihu suna dukan tebura. A bencin kusa da taga kuwa babu wanda ya motsa. Kowa ya ga Lauya ta shiga bayan labule kamar sauran, kuma babu ɗan takarar da zai ƙi zaɓen kansa. Lissafin bai buƙaci malamin lissafi ba. Waige ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Lauya ta tashi ta je ta yi wa Gwamna murna, ta dawo ta haɗa littattafanta. Ranar kowa ya bi hanyarsa zuwa gida.

Washegari sai ga mutane suna zuwa wurin Waige ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa wallahi a ransa Lauya ce, sai dai ya ɗauka wasu za su zaɓe ta. Da ta ƙirga masu wannan magana sun haura goma sha biyar. Bai rage mata komai ba, domin a cikinsu babu wanda ya ce wa Lauya ta tsaya sai ita.

Ranar Asabar aka yi zaɓen ƙasa, kuma makarantarsu ce rumfar zaɓen unguwar. Waige ta rako mahaifiyarta da lema da gorar ruwa. Ajinsu ne aka buɗe, ta hango bencinsu an tura shi jikin bango an ɗora takardu a kai. A gindin bishiyar darbejiya ta ga Lauya zaune, tana jiran kakarta da ke cikin layin tsofaffi. Ta daɗe tana juya gorar a hannu kafin ta ƙarasa. Ta zauna, ta faɗi duk abin da ya faru a bayan labule, ba ta rage komai ba, ta roƙe ta ta yafe mata.

Lauya ta saurara har ta gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na yafe miki tun ranar," in ji ta. "Faɗuwar ba ta dame ni ba, na san ba zan ci ba. Amma kin san abin da na yi ta tunani da aka gama ƙirga? Na ce da na sani ban zaɓi kaina ba. Da yanzu in na tuna ƙuri'a ɗayan nan sai in ce taki ce."

Kaka ta fito tana duba yatsanta, Lauya ta tashi ta kama mata hannu suka tafi a hankali.

Sun ci gaba da zama a benci ɗaya har suka gama jarrabawa. Suna gaisawa, suna duba littafin tarihi tare, amma Lauya ba ta ƙara cewa ta riƙe amsarta ta farko ba, kuma ba ta ƙara jiranta a bakin ƙofa idan an tashi ba. Ɗakin karatu ya ci gaba da zama a kulle har suka bar makarantar. Bayan sakamako ya fito, kawun Lauya ya ɗauke su ita da kaka zuwa wani gari, labari ya yanke. Waige ta girma, ta yi karatu, ta yi ƙawaye da yawa, kuma ta koyi tsayawa a kan ra'ayinta. Amma har yau idan aka tambaye ta wace ce aminiyarta, sai ta yi shiru tukuna, domin wadda take so ta ambata ba ta san inda take ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rashin yarda da kai ba ƙaramin aibi ba ne, kuma ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba. Wanda ya saba duba inda jama'a suka karkata kafin ya yanke shawara, wata rana zai juya wa gaskiyar da ya sani baya, ya kuma juya wa mutumin da ya dogara da shi baya. Kada ka ce naka ɗaya ne ba zai canza komai ba, ko ka ce wasu za su yi a madadinka, domin su ma abin da suke faɗa wa kansu ke nan. Ko a aji ne ko a zaɓen ƙasa, ka yi tunani da kanka, ka tsaya a kan abin da ka tabbatar daidai ne, kuma ka cika alkawari ko da kana ganin babu wanda zai sani.