Katin Marigayi Da Bai Daina Buɗe Ƙofa Ba

Akwai wata mata mai suna Litiana, mai binciken ayyuka da kashe kuɗi a wani ƙaramin filin jirgin sama a Fiji. Ba ta da hayaniya, amma in ta sa takarda a gaba, sai ta ga bayanta.

Wata rana aka tura ta sashen tsaro. Shugaban sashen kuwa kawunta ne, Sakiusa, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta.

Ta fuskar kuɗi ko sisi bai yi ɓatan kai ba. Matsalar tana ƙofar fita wajen jirage. Na'ura ta nuna katin wani mai gadi, Vilimoni, yana buɗe ta kullum da tsakar rana, alhali wata uku ke nan da binne shi.

Ta ce, "Kawu, marigayi har yanzu yana zuwa aiki ne?"

Sakiusa ya yi murmushin yaƙe. "Matarsa ce. Da katin take shiga ta sayar wa masu lodi dafaffen rogo da kifi. 'Ya'ya huɗu ya bar mata. A gaban dangi ta roƙe ni, kin san mu ba ma cewa a'a."

"In katin ya faɗi a kasuwa fa? Wanda ya tsinta, har gindin jirgi zai kai."

"Tsallake wannan kawai, 'yata. Kina rubutawa, aikina ya tafi."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ta rubuta yadda ta gani, sannan ta roƙi manajan filin ya ba matar marigayin teburin sayar da abinci a wurin cin abincin ma'aikata, aka ba ta.

Aka soke katin, aka dakatar da Sakiusa wata guda. Ya daina amsa gaisuwar Litiana. Dangi kuwa, da ma ba a raba su da magana, suka ce butulu ce.

Bayan wata biyu masu sa ido daga babban birni suka diro ba sanarwa, suka bi tarihin kowane kati. Shugabarsu ta gaya wa manaja cewa da su suka fara gano wannan, da an rufe filin, shugaban tsaro kuma sai kotu.

Ranar Asabar Sakiusa ya zo gidan Litiana da damin saiwar yaqona, wadda ake kaiwa in za a nemi gafara. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma.

"Haba Kawu, tashi."

Ya ce, "Bar ni a nan. Wata guda kika ci mini, kika ceto mini sauran shekaruna."

Darasi: Alherin da aka yi ta ɓarauniyar hanya yana iya halaka mai yin sa, kuma wanda ya ƙi rufe maka kuskure ba maƙiyinka ba ne. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa amana a wurin aiki.